Tanimu Mai Share Hawayen Mota

Da an sallame sallar asuba, Malam Tanimu ba ya komawa ɗaki ya kishingiɗa kamar sauran sa'o'insa. Bokitansa yake ratayawa a kahon tsohon kekensa, ya tura hula ƙeya, ya gangara bakin ruwa yana amsa gaisuwar masu kai kifi kasuwa. Akwai wata ƙatuwar tsamiya a Yelwa, kusa da inda jiragen masunta ke tsayawa. Gindinta ne wurin aikinsa tun kafin a haifi yawancin direbobin da ke kawo masa mota yau. Zai share wurin tas, ya ɗebo ruwa ya ajiye a gefe har ya kwanta, don ruwan Kwara da yashi yake zuwa, yashi da fenti kuwa ba sa ga maciji. Sai ya shanya tsummokaransa a kan reshe, tsofaffin singileti ne da suka sha wanki har suka yi laushi, ya zauna a kan wata tsohuwar taya yana jiran motar farko.

Mai wankin mota ne, ba wani abu ba. Amma a tashar Yelwa ba haka ake kiransa ba. Mai share hawaye ake ce masa, kuma sunan yana da dalili.

Duk wanda ya taɓa riƙe sitiyari a ƙasar nan ya san yadda mai ke yawo. Daga Yelwa zuwa ƙauyukan bakin tafki, har can Wara, a jarka yake tafiya: na injin jirgi, na injin ban-ruwa, na janareto. Direba ya ɗora jarkoki a saman mota, ramukan hanya su yi ta girgiza su, murfi ya saki, fetur ya riƙa tsiyaya a jikin bodi. In kuma mai ya yanke masa a daji, sai ya tsaya wurin 'yan bumburutu a ɗura masa da yankakkiyar gora, wani ya shiga tanki, wani ya bi fenti. To wannan layin da ke gangarowa daga murfin tanki zuwa taya, rana ta gasa shi ya koma ruwan ɗorawa, fentin wurin ya dushe, shi Tanimu ya raɗa wa suna hawaye. Mota na tsayawa zai zagaya ta, ya girgiza kai ya ce, "Wa yas sa ta kuka kuma?" Yau kowa a tasha haka yake cewa, da yawa ma ba su san daga bakin wa kalmar ta fito ba.

Yadda yake share su kuwa, mai gaggawa ba zai iya tsayawa kallo ba. Ba ya taɓa mota da zafinta. Ko wane ne kai, sai ka shigar da ita inuwa, ka nemi wuri ka zauna har bodi ya huce. Sannan ya jiƙa tsumma da ruwan sabulu, ya shimfiɗa a kan tabon kamar mai gasa kumburi, ya bar shi ya sha, ya ɗaga, ya ɗauraye, ya sake. Ba ya dirzawa. In tabon ya tsufa har ya ci fenti, sai ya lakato man gogewa irin na masu fenti a ɗan yatsa, ya bi wurin a hankali yana zagayawa, ya rufe da folish. Sallau, direban layin Shanga, har gobe yana ba da labarin ranar da ya ga hawaye a sabuwar motar maigidansa, ya firgita, ya damƙo yashin gaɓa zai goge kamar mai wanke tukunya. "Wallahi ban san tsohon ga na da gudu ba," in ji shi. "Sai ji na yi an riƙe mini hannu ta baya. Yac ce, 'Sallau, in ɗiyarka na kuka, da yashi kaka share mata ido?' Kunya ta kama ni, na zubar." Motar ta bar gindin tsamiya babu alamar komai, Sallau kuma bai rasa aikinsa ba.

Indo mai kifin banda, wadda rumfarta ke kallon wurin, wani abu daban take tunawa. Ta ce duk shekarun nan ba ta taɓa ganin ruwan wankinsa ya gangara kogi ba. Rami ya haƙa can nesa da gaɓa, ya zuba gawayi da tsakuwa, nan yake kai duk ruwan da ya taɓa mai, ko da kuwa ƙugunsa na masa ciwo. Da aka yi masa dariyar wahalar banza, cewa ya yi shi ɗan masunta ne, a tsibiri aka yanke masa cibi, ba zai shayar da kifin 'yan'uwansa fetur ba.

Kai ne wannan, Malam Tanimu. Kai ne ka ɗauki aikin da mutane ke yi wa kallon banza ka riƙe shi da hannu biyu, har ya zama in direba ya ce daga wurinka motarsa ta fito, fasinja kan gyara zama. Tanimu na gindin tsamiya, mai hana mota kwana da kuka. Dubi hannuwanka yau. Mai da sabulu sun cinye su, sun tsattsage, maɓallin riga ma da ƙyar kake sa shi. Shi ya sa 'ya'yanka suka tsaya kai da fata sai ka ajiye bokiti, kai ma ka yarda a ƙarshen watan nan. Mun ji labari, kuma gaskiya ba mu ji daɗi ba.

Amma wanda ya zauna da shi ya san ba barin aikin ne ke cin ransa ba. Mutum ne. In la'asar ta yi sanyi, sai ka ga ya tsaya da tsumma a hannu yana kallon hanyar da ta fito daga Ngaski, ruwa na ɗiga a ƙafarsa bai sani ba. Abokinsa Ishaya yake kewa, kuma kafin bana buri ɗaya ya rage masa a duniya: Ishaya ya sake kiran sunansa ko da sau ɗaya ne.

Ishaya direba ne, Bakambare daga wajen Ngaski, mai wata tsohuwar mota wagon shuɗiya da ya sa wa suna Gwaggo, wai don ba a yi mata gardama, in ta ce ba ta tashi sai an lallaɓa ta. Shi ke kai wa masunta mai a bakin tafki, ya dawo da kwandunan kifi. A Yauri kaf babu motar da ta kai Gwaggo kuka. Kullum da la'asar zai iso yana danna hon tun daga nesa, jikinta sharkaf da man jirgi, wato fetur ɗin da aka gauraya da baƙin mai, ya leƙo ta taga ya ƙwala wa Tanimu kira da sunan ƙabilarsa ta Gungawa, masuntan tsibiri: "Bagunge! Taso ka yi aikinka, malalaci!" Shi kuwa Tanimu ya ce, "Bakambare, kai da mota ba ku san hakkin juna ba, jaki ya dace da kai." Ɗaya na wanki, ɗaya na zaune a kan taya yana ɓare gyaɗa yana ba da umarnin da ba wanda ya nema. In aka kira magariba, Ishaya ya tsare bokitai har abokinsa ya idar. Ranar Asabar kuma Tanimu ya yi wa Gwaggo wanki na musamman, don ta kai iyalin Ishaya coci fes. Haka suka tsufa tare, kuma ba wanda ya taɓa jin ɗayansu ya yabi ɗan'uwansa.

Sai ciwon suga ya shiga idon Ishaya. Ya fara da daina tuƙin yamma, daga baya ya ajiye makulli gaba ɗaya. Shekarar da matarsa ta rasu, 'yarsa Hannah, wadda ke aikin jinya a Kaduna, ta zo ta tafi da shi. Ranar tafiyar bai yarda a biya da shi ta bakin ruwa ba, ya ce ba sallama zai yi da kowa ba, zuwa zai yi ya dawo. Da farko suna waya, su yi ta tsokanar juna har kati ya ƙare. Sannu a hankali wayar ta canza. Ishaya ya fara maimaita tambaya, ya fara kiran Hannah da sunan innarta. Wata rana Tanimu ya kira ya ce, "Bakambare, kana nan da rai?" Sai murya ta ce cikin ladabi, "Sannu malam, wa ke magana?" Tanimu ya kashe wayar ya zauna a kan taya. Indo ta ce ranar motoci suka yi ta zuwa suna juyawa, ko kai bai ɗago ba.

Bana, bayan an gama yankan shinkafa, Hannah ta kira shi.

"Baba Tanimu, zan kawo Baba gida bikin godiyar amfanin gona na coci. Ba shi gane kowa yanzu, ni kaina wata rana nas yaka ce mini. Amma kullum sai ya tambayi Gwaggo. Ko za ka duba muna ita?"

"Ɗiyata, ki bar mini wagga magana," ya ce. 

Gwaggo na nan inda aka bar ta a bayan gidan Ishaya, tayoyi sun sace, kaji sun mayar da ita wurin saka ƙwai. Mafi muni, wani ɗan haya ya daɗe yana jera jarkokinsa a kan rufinta, mai ya tsiyaya ta ko'ina, ranar shekaru ta gasa shi har ya yi ɓawo. Sallau da abokansa suka jawo ta zuwa gindin tsamiya. Duk wanda ya gan ta cewa yake wannan kam sai dai sabon fenti. Tanimu ya ƙi. Ya ce in aka sake mata fenti ta zama wata, shi kuwa Gwaggo aka tambaye shi.

Ya ba sauran direbobi haƙuri, ya duƙufa. Tunda ya san abokinsa da hannu zai gani ba da ido ba, sai ya riƙa rufe nasa idon yana shafa bodi da bayan hannu, duk inda ya ji kaushi ya koma kansa. Tsagar yatsunsa ta buɗe har jini na ɓata tsumma, ya naɗe su da leda ya ci gaba. Ya fitar da kujeru ya wanke ya shanya, ya kankare ƙarnin kifin da ya kama ƙasan but, ya bar ƙofofi a buɗe iskar kogi ta kwashe sauran wari. Yana yi yana yi mata magana ƙasa-ƙasa, yana gaya mata maigidanta na nan tafe, kada ta ba shi kunya. Da ya gama, shuɗin Gwaggo ya fito har masu babur na tsayawa kallo. A ransa ya riga ya tsara yadda abin zai kasance. Ishaya zai shafa, ya ji santsi, ya san hannu ɗaya ne a duniya ke yin wannan aikin, sunan kuma ya zo masa da kansa.

Ranar Asabar da la'asar Hannah ta iso da shi, tana riƙe da gwiwar hannunsa. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Tanimu ya taso da sauri har ya yi tuntuɓe da bokiti, ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Bakambare, ka iso?"

"Lahiya lau, malam. Mun iske ku lahiya?"

Tanimu ya haɗiye wannan. Ya ja shi a hankali zuwa jikin motar, ya ɗora masa tafi a kan bonet. Ishaya ya shafa, ya bi ƙofa, ya bi gefe har murfin tanki, ya sunkuya ya shinshina. Sai ya janye hannunsa da sauri ya goge a riga.

"Hannah, hidda ni nan. Motar wani babban mutum ta, kar in ɓata musu."

"Baba, Gwaggo ta hwa! Taka!"

"A'a. Wagga ba ta taɓa zuwa bakin tabki ba."

Wayyo Tanimu! Duk kwanakin da ya yi yana gogewa, ashe abokinsa yake gogewa daga jikin motar. Ya tsaya hannuwa a sake, ya rasa inda zai sa idonsa. Hannah ta shiga ba shi haƙuri, tana cewa haka ciwon yake, kada ya sa a ransa, ta juya da tsohon za su tafi.

Can a gaɓa wani masunci na zuba mai a injinsa, iska ta kwaso warin ta kawo gindin tsamiya. Tanimu ya ga Ishaya ya ɗan ja birki, ya ɗaga hanci. "Ɗiyata, dakata," ya ce. Ya gangara da saurin da ƙugunsa ya daɗe bai yarda da shi ba, ya roƙi ɗan man jirgi a murfin jarka, ya dawo yana tallabe da shi.  Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana faɗa da duk wanda ya ɗiga mai a fenti, shi ne ya tsaya a gaban jama'a ya tsiyaya shi a ƙarƙashin murfin tankin Gwaggo, ya bar shi ya gangara har taya. Sallau ya dafe kai ya ce, "Innalillahi, tsoho ya zautu!"

Tanimu bai kula shi ba. Ya sake kamo hannun Ishaya ya ɗora a wurin. Tsohon ya ji danshi, ya murza yatsunsa, ya kai hanci. Ya daɗe yana shinshinawa. Sai fuskarsa ta murtuke, irin murtukewar da duk tashar Yelwa ta sani.

"Wa yab bar ta haka? Ina Bagungen ga yat tahi? Tanimu! Malalaci, tun ɗazu nike tsaye kana barci!"

"Ga ni nan, Bakambare."

"To mi kaka jira? Rana za ta gasa shi!"

"Bodi bai huce ba," in ji Tanimu.

Motar da ta yi shekaru ba a tayar da ita ba, wai bodi bai huce ba! Amma ba wanda ya yi dariya. Lokaci yake ja, bawan Allah. Aka zaunar da Ishaya a kan taya, Indo ta aika aka sayo gyaɗa. Tanimu ya jiƙa tsumma ya shimfiɗa, ya ɗaga, ya ɗauraye, ya sake shimfiɗawa a kan tabon da tuni ya fita, Ishaya kuwa na ta zuba umarni, yana cewa tun asali Gungawa ba su iya komai ba sai kifi. Ya tambayi farashin mai a Wara, ya tambayi mutanen da wasunsu sun daɗe a ƙasa, Tanimu yana amsa abin da zai amsu. Da aka kira magariba, Ishaya ya laluba ya jawo bokiti kusa da ƙafarsa ya ce, "Tahi ka yi sallarka, ina nan." Tanimu ya tafi wajen alwala, kuma a can ya yi kuka mai sauti, bai damu da wanda ke kallo ba.

Washegari aka yi bikin coci, ranar Litinin Hannah ta koma da mahaifinta. Da Tanimu ya je rakiya tasha ya miƙa masa hannu, Ishaya ya ce, "Mun gode, malam, Allah shi saka." Abin ya yi masa ciwo, bai kuma ɓoye ba. Ya dawo yana tura kekensa, bai hau ba. Sai dai da Sallau ya zo yi masa jaje, cewa ya yi, "Jajen mi? Ya kira ni Tanimu gaban kowa, kai ma ka ji."

Malam Tanimu, mun gode. Direbobin da ka fitar kunya a gaban iyayen gidansu sun gode. Masuntan da ka kiyaye wa ruwa ba tare da sun roƙe ka ba sun gode. Kai ne ka nuna mana mai wankin mota ma yana iya tsufa da mutuncinsa cif, kai ne kuma ka yarda ka ɓata aikin da ya fi kowanne kyau a rayuwarka don aboki ya samu hanyar dawowa. Allah ya huce maka gajiya, ya warkar da hannuwan nan, ya sa ka gama lafiya.

Ku kuma da za ku gaji gindin tsamiya, don Allah ku gaji halin, ba inuwar kaɗai ba. Ku daina rawar jiki a kan motar mutane, ku daina juye ƙazanta a ruwan da 'yan'uwanku ke sha. Mu sauran kuwa, kowannenmu na da wani da ya daɗe yana cewa zai je ya duba. A tashi a je tun ana gane murya. In kuma hanya ta biyo da ku Yelwa, ku tsaya ku gai da tsohon nan, ku ba shi labarin tasha, yana son ji.

Gwaggo tana ƙofar gidan Tanimu yanzu, Hannah ta bar masa ajiyarta. Shekaranjiya da hantsi yana zaune kusa da motar wayarsa ta yi ƙara, ashe Hannah ce.

"Baba Tanimu, yau da sahe Baba ya tashi shina tambaya ko Bagunge ya gama da motar. Mi zan ce mishi?"

Tanimu ya juya ya dubi Gwaggo. Tana ƙyalli, babu ko ɗigo a jikinta.

"Ki ce mishi da saura," ya ce. "Sai ya zo ya duba da kanshi."